Madara Ba Ta Isa Huhu

Litinin, 6 ga Mayu, bayan la'asar

Zan fara da Alhamis ɗin da ta wuce, don daga ranar komai ya sauya, ko da yake a lokacin ban sani ba.

Tun da safe na yi lalle, na turara ɗaki, na ɗaura atamfar da ya aiko mini da azumi. Chaibou. Da baki ban taɓa kiran sunan nan ba tun da aka ɗaura aure, amma a takarda zan rinƙa rubuta shi. Na riga na shirya yadda dawowar za ta kasance, don na karanta irinta a littattafai ba adadi: zai turo ƙofa da jaka a kafaɗa, ya tsaya yana kallona, ni kuma in sunkuyar da kai. Har wurin tsayawa na zaɓa, gefen randa inda inuwa take.

Wanda ya turo ƙofar Hamidu ne, abokinsa da suke ramin zinariya ɗaya a Tchibarakaten, jakar Chaibou a kafaɗarsa, tasa a hannu. Ya ce, "Amarya, ga kayan angonki, shi yana tafe." Na leƙa lungu. Yana can wajen gidan maƙera, ya dafa bango da hannu ɗaya kamar mai duba ko yaɓe ya bushe. Daga inda mota ta sauke su zuwa ƙofarmu ko tsohuwa ba ta hutawa. Shi ya huta, ya taho, ya sake hutawa, ina kallo.

Da ya iso ya yi murmushi ya ce zafi ne. Na ce e, bana akwai zafi.

Inna Tabawa, mahaifiyarsa, ta fito daga ɗakinta ta dube shi sama da ƙasa. Ba ta ce ya rame ba. Ta juyo ta ce da ni, "Ɗiyata, dama masa madara."

Talata, 7 ga Mayu, da hantsi

Duk wanda ya yi aikin zinariya ya san maganar madara. In mutum ya fito daga rami, ko ya tashi daga injin niƙa dutse fari fat kamar an tsoma shi a garin masara, sai ya fasa gwangwani ya shanye, ta wanke masa ƙurar da ke ƙirji. Haka Chaibou ya faɗa mini tun muna sabon aure, haka Hamidu ke faɗa, haka matan unguwa ke faɗa. Duk motar da za ta tafi can ina sa masa madarar gari a cikin saƙo, tare da kilishi da dabino. Wani lokaci ina cusa ƴar takarda a ƙarƙashin murfin, da kalaman da na kwafo daga littafi. Ya ce abokansa sun taɓa kama ɗaya suka yi mako suna masa waƙa da ita.

Bara ya yi tarin fuka. Ya sha ƙwayoyi watanni, aka ce ya warke, ya koma. Inna ta ce wannan karon sanyi ne ya shige shi, don suna kwana a fili. Ta sa wata Buzuwa ta rinƙa kawo nonon raƙumi kullum da safe.

Tarin nasa busasshe ne. Ba ya fitar da komai.

Alhamis, 9 ga Mayu, azahar

An ɗauke kuran, wutar lantarki, tun safe. Ya sha madara. Ya kwanta a zaure don nan ne iska ke shiga.

Asabar, 11 ga Mayu, da yamma

Na kai wa Souwaiba littattafanta na karɓo wasu. Ita ce maƙwabciyarmu ta bayan gida, ita ke sayo su wurin mai kawowa daga Kano, mu karanta bi da bi. Mijinta Tijjani ya rasu shekara biyu ke nan, shi ma ɗan zinariya ne. Ta tambaye ni jikin maigida, na ce da sauƙi. Ta ce daga tsakar gidanta tana jin sauƙin.

Tana jera littattafai a kwali ba ta dube ni ba ta ce, a babban gidan likita an kawo wani bincike, ana ɗaukar hoton ƙirjin masu aikin zinariya kyauta, Talata da Alhamis. Ta ce, "Ki kai shi, Hafiza. Ko da ja."

Littafin da na karɓo, jarumin ma ba shi da lafiya. Ciwon zuciya ne ya kama shi saboda an hana shi yarinyar. Na san tun daga shafi na goma za a ba shi ita ya warke.

Lahadi, 12 ga Mayu, bayan magariba

Na faɗa masa maganar hoton. Ya ce shi hoton da yake da shi a katin ɗan ƙasa ya ishe shi, ko shi ma bai yi kyau ba. Na yi dariya don ya so in yi. Dariyarsa ta koma tari.

Talata, 14 ga Mayu, da safe

Mai ruwa ya ajiye bido, babbar jarka, a ƙofar gida ya wuce. Chaibou ya ce in bari, aikin maza ne. Ya ɗauko shi zuwa tsakiyar zaure, ya ajiye, ya zauna a kansa. Mutumin da a gabana ya taɓa ɗaukar buhun gero ya hau da shi soro yana mini hira. Na tsaya da tsintsiya ina share wurin da na riga na share.

Da numfashinsa ya dawo ya ce, "Wace rana kika ce?"

Na ce Alhamis.

Ya ce kada Inna ta ji, a ce mata za mu gaida ƙanwar babana a Dagamanet.

Alhamis, 16 ga Mayu, bayan la'asar

Mun je.

Maza ne cike da benci, yawancinsu ba su kai Chaibou shekaru ba. Kowa da rawani, kowa na tari yana kallon ƙasa. Wani ya gane shi ya ce, "Kai ma an jawo ka?" Chaibou ya nuna ni da haɓa ya ce, "Ga jandarmar da ta kamo ni." Suka yi dariya.

An ɗauki hoton. An ba shi ɗan kwalba ya tofa kaki, da ƙyar ya samu abin tofawa. An sa masa wani bututu a baki aka ce ya hura da duk ƙarfinsa, mai aikin yana cewa ƙara, ƙara, ƙara, shi kuwa tun ƙara ta farko ya ƙare. Muka jira har rana ta take.

Likitar mace ce, Dokta Ramata, Hausarta ta Damagaram. Ta sa hoton a allon ordinater, kwamfutarta, ta juyo mana da shi. Ta ce na'urar tana karanta hoto da kanta ta nuna inda take shakka, amma ba ta faye rarrabe tarin fuka da wani ciwon ba, wannan na cikin abin da suke bincike a kai, shi ya sa ake haɗawa da gwajin kaki. Ta ce kakin nasa ba ƙwayar tarin fuka a ciki.

Chaibou ya ce alhamdu lillahi, ya fara gyara rawani zai tashi. Ta ce, "Zauna, Malam Chaibou, ban gama ba."

Ta nuna sama-saman hoton da bakin biro. Fararen ɗigo ne birjik, dama da hagu, kamar an watsa gero a baƙin zane. Ta tambaye shi me yake yi a can. Ya ce da yana cikin rami da injin fasa dutse, yanzu ya koma wajen niƙa. Ta ce da ruwa ake fasawa ko a bushe? Ya yi ƴar dariya ya ce, "Madame, ruwa a Tchibarakaten?" Ta ce me yake rufe hanci da shi? Ya taɓa rawaninsa. Ta ce ƙurar da ke yin wannan ɓarna ta fi ƙarfin ido, tana ratsa zane kamar yadda hayaƙi ke ratsa asabari, ta sauka can ƙasan huhu ta zauna, naman wurin ya yi tabo ya taurare. Da Faransanci ta ce silikoz. Da Hausa ta ce ciwon ƙurar dutse.

Ya ce, "Ai muna shan madara. Ni ban taɓa tashi daga inji ban sha ba. Ga ta nan, ita ke aiko mini."

Na zaci za ta yi dariya. Ba ta yi ba. Ta ce kusan duk wanda ya zauna a kujerar nan haka yake faɗa mata. Ta ɗora yatsu biyu a maƙogwaronta ta ce hanya biyu ce a nan. Madara tana bin ta baya ta sauka ciki. Ƙura tana bin ta gaba tare da iska ta sauka huhu. Ba inda suke haɗuwa.

Ya ce, "To me ke wanke ta?"

Amsar da ta ba shi ba zan rubuta ta yau ba.

Ta ce akwai abin da za a iya yi. Za su ba shi maganin riga-kafin tarin fuka, don huhun da ƙura ta ci tarin fuka ya fi saurin kama shi. Za su rinƙa duba shi lokaci zuwa lokaci in ya yarda ya shiga binciken. Amma babban abu, ta faɗa sau biyu, kada ya sake komawa cikin ƙurar nan.

Muka kama hanya har muka zo inda ake hango hasumiyar babban masallaci. Ya tsaya, ban sani ba ko don numfashi ne ko don maganar. Ya ce, "Abin da muka ji, ni da ke muka ji. Ba Inna, ba Hamidu." Na ce to.

Da muka shiga Inna ta tambayi lafiyar mutanen Dagamanet. Na ce suna gaishe ta.

Juma'a, 17 ga Mayu, da safe

Buzuwa ta kawo nono. Ni na tace, ni na miƙa masa.

Lahadi, 19 ga Mayu, azahar

Na buɗe littafi na rufe. A cikinsu in ciwo ya yi tsanani ana fita da mutum waje a jirgi, a shafi na gaba ya dawo ya yi ƙiba. Ban taɓa karanta inda jarumi ya zauna a kan bido ba.

Ƙwayoyin riga-kafin yana ɓoye su a cikin takalminsa na Sallah. Yana sha, wannan kam ina gani.

Warin nonon nan ya fara tayar mini da zuciya. Wannan watan ban yi fashin salla ba, wancan ma haka, tun zuwan da ya yi gab da azumi.

Talata, 21 ga Mayu, bayan azahar

Na koma gidan likita ni kaɗai, don nawa awon. Abin da nake zato shi ne. Ban faɗa wa kowa ba tukuna.

Da na fito na bi ta ɓangaren masu hoto, na jira har layi ya ragu. Dokta Ramata ta gane ni. Ta ce, "Matar mai madara." Na ce ina da tambaya, in ba zan ɓata mata lokaci ba. Na ce in ya koma na ɗan lokaci kaɗan fa, wata biyu ko uku, ya dawo gaba ɗaya?

Ta ce ba za ta iya auna mini da wata ba. Ta ce a da an ɗauka ciwon nan na tsofaffin ma'aikata ne, sai mutum ya shekara ashirin a ma'adini. Binciken da aka yi a shekarun nan a ƙasashen da ake haƙar hannu irin tamu ya nuna ba haka ba ne, samari na kamuwa cikin ƴan shekaru saboda yawan ƙurar da suke shaƙa a bushe. Ta ce ko ya bar aikin yau tabon na iya ci gaba a hankali. In ya koma, zai ci gaba da gudu.

Na ce ba wata dabara? Ta ce a wasu ma'adinai a Najeriya an gwada fesa wa dutse ruwa lokacin fasawa da niƙa, aka auna iskar, ƙurar ta ragu sosai. Wannan zai taimaki waɗanda huhunsu bai kamu ba. Shi nasa ya riga ya wuce nan.

Ta dubi katin awon da ke hannuna ta ce, "Ya sani?" Na ce a'a. Ta ce Allah ya raba lafiya.

Laraba, 22 ga Mayu, da yamma

Hamidu ya zo, suka zauna a zaure, na kai musu gawayi da kayan shayi. Ina jin su daga bayan labule. Ya ce ramin ya kai jijiyar zinariya, dutsen da ke fitowa yanzu ko makaho ya taɓa ya san da abu a ciki. Sauran abokan suna tambaya. In Chaibou bai zo ya tsaya a kan injinsa ba za su sa wani, kuma wanda ya tsaya shi ke da rabo, haka ƙa'idar take. Mota za ta tashi Juma'a ta sama, bayan an sauko daga masallaci.

Chaibou ya ce yana nan tafe.

Da na shiga ɗaukar kofuna na ce, kamar da wasa, na ji a rediyo wai in ana jiƙa dutse kafin a niƙa ƙura ba ta tashi. Hamidu ya kusa ƙwarewa da shayi. Ya ce, "Amarya, ruwan da motar sitern ke kawowa daga nisan duniya, muna sha da murfin bido, shi za mu yi wa dutse wanka da shi? Mu da kanmu sai Juma'a muke gani." Ya ce kuma jiƙaƙƙen gari toshe inji yake yi. Ya ce, "Ke dai ki cika mana kwali da madara, shi ne naki."

Chaibou bai yi dariya ba. Ya dube ni, na fita.

Bayan tafiyar Hamidu ya ce wace rediyo ce wannan. Na ce ban riƙe tashar ba.

Juma'a, 24 ga Mayu, bayan la'asar

Yau ya je masallaci da ƙafa ya dawo da ƙafa. Tarin ya ragu, gaskiya ne. Likita ta riga ta faɗa mana zai ji dama-dama in ya huta nesa da ƙura, kada mu ɗauka warkewa ce.

Inna ta ɗauka. Ta ba Buzuwar goro da turmin zane, ta ce nonon raƙumarta ya yi abin da allura ba ta yi ba. Ta kira maƙwabta biyu su ga yadda ya cinye tuwo. Ta ce da ni, "Kin gani, ɗiyata? Ku yaran yanzu komai sai likita."

Na ce e, Inna.

Asabar, 25 ga Mayu, da hantsi

Na mayar wa Souwaiba littattafanta. Ta ce na gama da wuri. Na ce ban karanta ba.

Ban faɗa mata komai ba, na yi alkawari. Tambayarta kawai na yi yadda na Tijjani ya kasance, don lokacin ban zo unguwar ba. Ta ci gaba da tsinke zogale ta ba ni labari kamar na wani. Sau uku ana ba shi maganin tarin fuka. Duk sanda ya ji sauƙi sai ya koma, don ana cewa ya warke. Zuwan ƙarshe a kan katifa aka sauke shi daga mota. Ya daina kwanciya, a zaune yake barci, ya jingina da buhu. Daga ɗaki zuwa bayan gida sai an riƙe shi. Salla da ido. Ta ce abin da ya fi ba shi haushi shi ne ba ya iya ƙarasa magana, sai ya yanka ta gida uku, mutane su ƙarasa masa da abin da ba shi yake nufi ba.

Ta ce, "Har ranar ƙarshe ina ba shi madara da cokali. Ina cewa ko ba ta kai ba ne."

Na ce Allah ya jiƙansa. Ta ce amin. Ta ce in ɗauki sabon littafi, an kawo mai daɗi. Na ɗauka don kada ta ga kamar wani abu.

Lahadi, 26 ga Mayu, azahar

Ya fito da jakarsa ya kakkaɓe ta a tsakar gida. Farar ƙura ta tashi ta tsaya a cikin hasken rana. Na ja mayafi na rufe hanci, sannan na tuna abin da aka ce game da zane.

Litinin, 27 ga Mayu, bayan la'asar

Mun yi magana. Inna ta tafi barka, gidan ya rage mu biyu.

Na ce kada ya tafi. Ban taɓa ce masa kada ya yi wani abu ba, muryata ma ta ba ni mamaki. Ya ce ba zai taɓa inji ba, zai zauna a rumfa ya sa ido kawai. Na ce shi da bakinsa ya ba ni labarin yadda ƙurar injin ke rufe rumfuna har a cikin shinkafa suna taunarta. Ya ce zai sayi takunkumi irin na likita. Na ce na kwana nawa, a zafin can? Ya ce shekarun da ya yi yana haƙa ƙasa banza, yanzu da abin ya fito ne zai bar wa wani ya kwashe? Ya ce in ya zauna a Agadez me zai yi, ya riƙe mini zare ina saƙa? Na ce kawunsa na da lambu a Timia, ya sha kiransa. Ya ce, "In je in rinƙa korar awaki daga albasa."

Sai na faɗa masa sakamakon awona. Ban so in faɗa a cikin rigima ba. Na tanadi yadda zan faɗa, da turare da komai.

Ya riƙe hannuna, idonsa ya kawo ruwa. Na ce a raina shi ke nan, an gama. Sai ya ce, "To kin gani. Yanzu ne ma tafiyar ta zama dole."

Na ce zan faɗa wa Inna abin da likita ta ce.

Ya saki hannuna. Bai ɗaga murya ba, ba shi da numfashin ɗagawa. Ya ce Inna ta binne miji ta binne ɗa ɗaya, ba zai ɗora mata wannan ba. Ya ce, "Mu biyu muka shiga ɗakin likitar nan. In maganar ta fita, na san bakin da ta fito. Macen da ba ta riƙe sirrin mijinta, ban san zaman da za a yi da ita ba, Hafiza."

Ya kira sunana cikakke. Ya saba cewa Fiza.

Da Inna ta dawo ta same mu kowa na harkarsa. Ta kawo mana cincin a ƙullin leda.

Talata, 28 ga Mayu, da safe

Abin da likita ta ce ranar, da ya tambaye ta me ke wanke ƙurar: ta ce babu. Ba a nan ba, ba a waje ba. Ana nema, ba a samu ba tukuna. Abin da ya rage masa na huhu shi ne abin da zai rayu da shi.

Na rubuta.

Talata, bayan azahar

Ya sha madara. Ya ce in ƙara sukari.

Laraba, 29 ga Mayu, da yamma

Chaibou bai taɓa tafiya ba tare da sallamar Inna ba. Ranar tafiya yakan durƙusa a ƙofar ɗakinta, ta ɗora masa hannu a ka ta ce ya je, ta yafe, Allah ya tsare. Kafin aurenmu, an ce, ya taɓa ɗora kaya a motar da za ta wajen zinariyar Djado, ta aika aka ce masa zuciyarta ba ta kwanta ba. Ya hau ya sauke kayansa da hannunsa, mota ta tafi ta bar shi. Maganata yana iya tsallakewa, ta likita ma haka. Tata ba ya iyawa.

Yau ta kira ni ɗakinta in taya ta ɗaure saƙo. Ta sayo madarar gari manyan gwangwanaye, ta sa cuku da dabino. Tana ɗaurewa tana cewa da farko ta yi niyyar hana shi, don ranar da ya dawo bai yi mata kyan gani ba. Amma tunda Allah ya sa nonon ya karɓe shi, ba za ta tare masa arziki ba. Jibi za ta sallame shi.

Ta dube ni ta ce, "Ke kuma kin fara tofar da yawu a bayan randa, kina zaton ban gani ba." Na sunkuyar da kai. Ta yi dariya ta ce Allah ya sa ya dawo ya tarar da suna.

Na riƙe mata igiya ta ƙulla. Tun da na zo gidan nan ban taɓa yi mata magana da ta wuce gaisuwa da e da to ba. Ban san ta inda ake farawa ba. Ban san ko za ta yarda da ni ba, ko za ta ce likita ta ruɗe ni. In ta yarda ta hana shi, zai rasa rabonsa a ramin, kuma zai san ni ce. Wataƙila in koma gidanmu da cikin nan. Na yi ta juya abin tun azahar, ban ga inda zai zo da sauƙi ba.

Yana zaure yanzu yana gyara zip ɗin jaka. Ina jin numfashinsa daga nan.

Gobe in ya fita sallar azahar zan shiga ɗakin Inna in durƙusa, in ce ba Dagamanet muka je ba, in faɗa mata duk abin da likita ta ce.